Na bi jirgin kallon tsuntsayen teku daga Simon's Town

Na saba kallon tsuntsaye a fadamar Haɗejiya da Nguru, inda tsuntsu zai sauka kan reshe ya jira ka har ka buɗe littafi ka nemo hotonsa. Da wannan taƙamar na shiga ƙaramin jirgin ruwa a Simon's Town, kusa da Cape Town, cikin watan Yuli, tsakiyar hunturun Afirka ta Kudu. Kafin hantsi taƙamar ta bi ruwa.

Da sassafe muka tashi, muka wuce Cape Point, muka nausa cikin teku wajen mil 30 muna neman manyan jiragen masunta. Inda duk ake janyo koma ana zubar da kayan cikin kifi, nan tsuntsayen ke cincirindo, tamkar ungulaye a mahauta.

Littafina bai tsinana min komai ba. Jirgi na tangal-tangal, ruwan gishiri ya ɓata gilashin madubin hangen nesa, tsuntsu kuma kafin ka saita shi ya ɓuya bayan igiyar ruwa. Jagoranmu ne ya fanshi kuɗin da na biya. Ya ce mu ajiye littafi, mu dubi ƙarƙashin fiffike da baki. Albatros, wato wani babban tsuntsun teku mai dogayen fikafikai, iri-iri ne. Mai baƙar gira bakinsa ruwan lemo ne, idonsa kamar ya sha kwalli, fiffikensa ta ƙasa da baƙi mai faɗi a gefe da gefe. Wanda Turawa ke kira mai jin kunya kuwa fari ne fat ta ƙasa, sai siririn baƙin layi, da wani ɗigo a hammata kamar an dangwala babban yatsa. Da na gane ɗigon nan da kaina, ban san sanda na yi kabbara ba. Masu rawaya a doron baki iri biyu ne: na tekun Atlantika kansa toka-toka, na tekun Indiya ya fi shi haske. Waɗannan kam har muka juyo ina rikita su.

Akwai wani mai dabbare-dabbaren fari da baƙi, fintado, da na raɗa wa suna zabon teku. Akwai kuma wasu 'yan mitsi-mitsi, ba su wuce tsattsewa da yawa ba, fari a gindin wutsiya, suna tattaka saman ruwa da ƙafafu kamar yaro kan rairayi mai zafi. Na fi minti goma ina kallonsu, na manta da manyan.

Jagoran yana nuna wuri da lissafin agogo: hancin jirgi ƙarfe 12, dama ƙarfe 3. Dabara ce mai kyau, sai dai ƙarar inji na haɗiye muryarsa, wanda ke baya sai ya ji labari.

Ƙorafina biyu ne. An ɗage tafiyar daga Asabar zuwa Lahadi saboda iska. Wannan ba laifin kowa ba ne, amma sai da dare ya yi aka sanar da ni. Na kuma rubuta wa masu shirya tafiyar tun da wuri cewa ba na cin naman alade, suka manta, na yini da biskit da ayaba. Ko da yake cikin ma ba ya karɓar komai, don na sha maganin jiri a makare, sau biyu ina leƙa gefen jirgi ina amayar da karin kumallo. A sha shi tun daren jajibiri, a sa rigar ruwa da safar hannu, madubi kuma mai ninki 8 ya fi mai ninki 10 tsayuwa a hannu.

Babban albatros ɗin da fiffikensa kan kai mita 3.5 bai fito ba ranar, kuma dominsa na je. Zan koma, amma wannan karon kusa da jagora zan zauna.