Littafin bazawara kike nema? Duba nan kafin ki tura kuɗi

Ni dai a labaran soyayya wanda ya fi kwanta min shi ne na macen da aurenta ya mutu, ta gama idda a gidan iyaye ana ta mata kallon tausayi, sannan a hankali ta farfaɗo ta koma makaranta ko ta kama sana'a, kafin wani ya zo yace yana so. To amma a ina za ki saya, shi ne abin dubawa don yanzu kuɗi sun yi wuya.

Bugaggen littafi irin wanda ake sarowa a kasuwar Sabon Gari ta Kano har yanzu ina girmama shi. An riga an gama rubuta shi, ba ruwanki da caji ba ruwanki da data, ki karanta ki ara wa ƙanwarki. Sai dai ana raba shi na 1 na 2 na 3, ki tabbatar mai shago yana da su duka kafin ki biya, in ba haka ba ki zauna da rabin labari. Kuma tunda takarda ta yi tsada marubuta da yawa sun koma onlayin, sababbi ba su cika fitowa ba.

Littafin kuɗi na WhatsApp da Telegram nan sababbin labarai suke, nan kuma rigimar take. Za a baki shafukan kyauta ki ɗanɗana, daidai inda daɗi ya fara sai a tsaya ace ki tura kuɗi ta banki ko katin waya, 'yan Nijar galibi ta kamfanin tura kuɗi na Nita, ki aika shaidar biya a saka ki a gurup. Abinda ba a faɗa miki shi ne sau da yawa ana rubutawa ne ana sakewa, wato ƙarshen ma bai wanzu ba. Na taɓa biyan kuɗin wani littafi, a cikin labarin yarinya ta fara sayar da turaren wuta ta tara kuɗin keken ɗinki har tsohon mijin ya dawo biko, ina jiran jin amsar da za ta bashi sai shiru, yau ace waya ta lalace gobe ace ana biki, haka gurup ɗin ya koma wurin tallan atamfa. Don haka tambayar farko ita ce an kammala? In ance eh, to a baki shi a dunƙule.

Wattpad, manhajar karanta labarai, kyauta ne, ya yi wa mai son gwada alƙalamin marubuciya, ArewaBooks kuma manhaja ce da ake saye a ciki a karanta a ciki. Littafin sauraro a YouTube ya dace da mai aiki a kicin amma yana shan data, kuma in muryar mai karatun bata miki ba shikenan labarin ya lalace.

Ko wanne kika zaɓa ki lura da jarumar a shafukan farko. In tana kuka a shafi na 3, shafi na 5 wani Alhaji ya faka jif a ƙofar gidansu ya gama mata komai, wannan sauyin miji kawai aka yi, ita tana nan yadda take. Ni wadda nake biya wa kuɗi ita ce wadda za ta iya cewa manemi ya dakata tukuna sai ta gama jarabawa.