Sharhi Kan Wankan Taɓo a Garin Františkovy Lázně

Františkovy Lázně ƙaramin gari ne na jinya da ruwan ma'adinai a yammacin Jamhuriyar Cek, kusa da Cheb da iyakar Jamus, wanda aka kafa a shekarar 1793 aka kuma raɗa masa sunan Sarki Francis na Biyu, mai mulkin yankin a lokacin. Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2021.

Hidimar da ta fi burge ni ita ce wankan taɓo, inda ake kwaɓa baƙar ƙasar fadama da ruwan ma'adinai, a ɗumama ta, mutum ya kwanta a ciki har zafin ya ratsa gaɓoɓinsa sannu a hankali. Masu ciwon gaɓoɓi sun fi kowa jin daɗinsa, kuma ma'aikatan suna aikinsu cikin natsuwa da tsafta. Ruwan Glauber kuwa, ɗaya daga cikin maɓuɓɓugan garin da ake shan ruwansu, gishirinsa ya yi yawa, yana kuma sa zawo, don haka a sha shi da lissafi.

Gine-ginen garin masu ruwan ɗorawa da fari suna da kyan gani, amma da zarar magariba ta yi garin yakan yi tsit, saboda haka ya fi dacewa da mai neman hutu da jinya.