Littafin LEGO mai tashi ko akwatin sirri: wanne za ka saya?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tsakanin littafin LEGO da ake buɗewa gini ya miƙe a tsakiyarsa da akwatin sirrin da ka ga hotonsa a wajen mai sayarwa, ka ɗauki littafin. Duka biyun suna gidana, shi ya sa ba zan yi maka kwana-kwana ba.

Littafin lambarsa 21315, ya fito a watan Nuwamba na 2018, kuma ƙananan bulon roba 859 ne a cikin kwalinsa. Asalinsa ba ƙirar kamfani ba ce. Wasu masu sha'awar haɗa bulo su biyu, Jason Allemann ɗan Kanada da Grant Davis, su suka ƙirƙiro shi suka sa a shafin LEGO Ideas, inda sai mutum 10,000 sun goyi bayan ƙira kafin kamfanin ya zauna ya duba ta. Da ta tsallake, ma'aikatan kamfanin suka sake bin ta daki-daki, suka ƙarfafa duk inda zai iya ɓallewa, sannan aka sa a kwali. Basirar ta masu sha'awa ce, amma an gwada ta kafin ta iso hannunka, kuma a abin da ke motsi wannan gwajin shi ne komai.

Idan yana rufe, kamar tsohon littafi yake, tsawonsa wajen santimita 20, faɗinsa 13. Kana buɗe shi, sai bukkar kakar yarinyar nan mai jan mayafi ta tatsuniyar Turawa ta tashi tsaye. Akwai gini na biyu, kurangar wake da ke miƙewa sama zuwa fadar ƙato. Ɗaya kaɗai ke zama a ciki a lokaci guda, ɗayan sai ka nema masa wurin ajiya, wannan kam aibinsa ne.

Abin da ya sa na ƙaunaci littafin nan 'yata ce. Bayan ta gaji da bukkar, ta cire ta, ta ce teburin mai shayi za ta gina a wurin. Ta haɗa tebur da benci da tukunya, ta zo rufewa, littafi ya ƙi. Ban ce mata komai ba. Ta mayar da bukkar, ta kwanta rub da ciki a kan tabarma, idonta daidai da gindin littafin, tana rufe shi a hankali tana kallon yadda bangon bukkar ke naɗewa ya kwanta tsakanin murafen biyu. Nan ta gane cewa duk abin da zai tashi, dole ya kasance siriri ya iya kwanciya. Ta rage kaurin teburin, ta ɗaure bencin a jikin hinji, ta rufe, littafi ya rufu ruf. Da gudu ta kai wa mamanta kicin. Har yanzu idan ta sami sabon tunani littafin take ɗaukowa. Ba ita kaɗai ba ce ma, masu sha'awa da yawa a duniya sun gina nasu labaran a cikin wannan bangon.

Akwatin kuwa, yana saman kabad da maɓallan riga a ciki. Ba zan ce babu dabara a irinsa ba, akwai waɗanda sai ka zame wannan gefe, ka tura wancan, kafin durowar ɓoye ta fito. Amma ranar da ka haddace matakan, wasa ya ƙare. Kuma akwatin bulo ne: yaro mai ƙarfin yatsu zai ɓamɓare murfin kawai ya huta.

Babbar matsalarsa ita ce gaba ɗaya rayuwarsa a kan zamewa take. Dole wani ɓangare ya riƙe gam, wani ya sulale ba tare da ya yi lako-lako ba. Idan bulon ba na asali ba ne, wani ya matse, wani ya saki, sai ka ji abin yana cijewa kamar durowar katako da damina. Ga ƙurar hunturu, da ta shiga tsakanin shimfiɗaɗɗun bulon sai a fara jin ƙaras-ƙaras. Nawa haka ya zo, kuma babu hoton da zai nuna maka wannan kafin ka biya.

Idan ranka ya kafe a kan akwatin, hanyar gaskiya ita ce ka sayi takardar haɗawa daga hannun mai ƙirar a Rebrickable, shafin da masu sha'awa ke sa ƙirarsu, ka ɗauki jerin bulon ka nema a BrickLink, kasuwar da LEGO ta saya a 2019. Sai dai ka shirya: da wuya mutum ɗaya ya kasance yana da dukan abin da kake so, kowane mai sayarwa kuma da nasa kuɗin aikowa, kuma da kuɗin ƙasar waje za ka biya duka.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Wasu suna sace takardar haɗawar mutumin da ya ɓata dare da rana yana ƙira, su ɗauki hotonsa na asali su sa a talla, su cika leda da bulon jabu su aiko maka. Shi mai ƙirar ko sisi ba ya gani. Shi ma littafin bai tsira ba. Ba ƙaramar sana'a ba ce, a 2019 'yan sandan Shanghai sun kai samame kan masu yin Lepin, waɗanda suka yi suna wajen kwaikwayon kayan LEGO har da kwali.

Dala 70 aka sa wa littafin lokacin da ya fito, kuma an daina yin sa. Duk wanda ya ce yana da sabo dal a kwali da arha tuɓus, ka ja baya. Na hannu mai kyau ya wadatar. Ka ce ya yi maka bidiyo yana buɗewa yana rufewa da kowane ɗaya daga ginin biyu, ya kuma matso da kyamara kan bulon, domin na asali akwai sunan LEGO a kan kowane ɗan ƙululu da ke samansa. Ya nuna maka 'yan mutanen su huɗu, yarinyar da kakarta da kerkeci da ƙaton, da ɗan mitsitsin Jack, yaron da ke hawa kurangar waken, wanda shi ya fi saurin ɓata. In ya fara kame-kame a kan bidiyon, kada ka tura ko kwabo.

An rubuta shekara 12 zuwa sama a kwalin. Wanda bai kai ba zai iya idan ka zauna kusa da shi, amma in akwai mai rarrafe a gidan, a haɗa shi a kan tebur, a tattara ƙananan bulon a kwano mai murfi.