Darussan AP shida ko uku? Amsa ga Hajiya kan 'yarta mai shiga aji na 11

Hajiya, tun daren jiya na ga tambayarki, sai yanzu na samu zama. Kin ce 'yarki za ta shiga aji na 11 a nan Bronx da ke birnin New York, burinta karatun likita, makarantarsu na koyar da darussan AP (Advanced Placement, darussan matakin jami'a da ake yi tun a sakandare) guda tara. Alhaji ya ce ta kwashi shida a shekara ɗaya, ita kuma ta kafe a kan uku. Na yi irin wannan rigimar a gidana har sau biyu, don haka bari in jera miki dalilan ki gani.

Na gane abin da Alhaji ke hange. Mu da muka taso da WAEC, darussa tara muka zauna wa, wanda ya kwaso kiredit tara shi ne gwarzon unguwa. Amma AP ta fi kama da IJMB ta Zariya: karatun shekarar farko ta jami'a ne aka sauko da shi sakandare. A IJMB ɗin ma darussa uku ake yi, kuma ana jin jiki. Hukumar College Board ce ke shirya jarrabawar, a zauna a watan Mayu, sakamako ya fito a Yuli, maki daga 1 zuwa 5. Kuɗin kowace takarda ya kusa dala 100, sai dai ana rage wa masu ƙaramin ƙarfi.

Mu fara da maki. Makarantu da yawa kan ƙara wa darasin AP nauyi: A a darasi na yau da kullum maki 4 ne, a AP kuma 5. Mai shida, in ta ci A a duka, matsakaicin makinta zai wuce na mai uku. To amma C a AP maki 3 ne, wato ƙasa da A ɗin da za ta samu cikin sauƙi a ajin da ta baro. Kuma jami'o'i da dama sake lissafin suke yi da nasu ma'aunin. Jami'ar Kalifoniya, a lissafinta na duba cancanta, ba ta ƙirga ƙarin maki sama da na zango takwas a aji na 10 da na 11, kimanin darussa huɗu ke nan na shekara guda-guda.

Sai yadda masu tantance neman gurbi a jami'a ke kallon takardar. A nan mai shida tana da hujja, ba zan ɓoye ba. Malamin da ke ba ɗalibai shawara kan cike wani fom inda ake tambayarsa: in an gwada da sauran 'yan ajinsu, yaya nauyin darussan da yarinyar nan ta zaɓa? Manyan jami'o'i na son ganin ya ce tana cikin waɗanda suka ɗauki mafi nauyi. Sai dai da makarantarta ake auna ta, ba da wata ba. Ana haɗa takardunta da bayanin makarantar, har da yawan AP ɗin da ake koyarwa. Inda tara ne kacal, yarinyar da ta yi uku a aji na 11 ta ƙara uku ko huɗu a aji na 12 ta cinye fiye da rabin abin da aka ajiye mata. Babu mai hankalin da zai ce ta guje wa wahala. Jami'ar Arewacin Karolina da ke Chapel Hill ta taɓa bin sawun ɗalibanta, ta fitar da sakamako a 2013: ƙoƙarin ɗalibi a shekarar farko ta jami'a na ƙaruwa da yawan irin waɗannan darussa har zuwa biyar a duk zaman sakandare, daga nan kuma ba a ga wani ƙari na a zo a gani ba.

Batun rage kuɗin jami'a ne ya fi jan iyaye, kuma gaskiya ne amma da sharaɗi. Jami'o'in gwamnati da yawa kan ba da kiredit, wato su ɗauka an riga an yi darasin a wurinsu, ga wanda ya ci 3, a jihar Teksas ma doka ce tun 2015. Jami'ar Dartmouth kuwa ta daina lissafa AP cikin kiredit ɗin kammala digiri. Ga mai son likita akwai wani ƙulli: a Amurka sai an gama digirin shekara huɗu ake shiga makarantar likitanci, kuma wasu daga cikinsu ba sa karɓar AP a madadin bayoloji da kemistiri na jami'a. Shi ya sa za ki ga yaro ya ci 5 a sakandare, ya je ya sake darasin.

Abin da ba ya fitowa a lissafi shi ne barci. Babban ɗana biyar ya ɗauka a aji na 11, kuma ni na zuga shi, Allah ya yafe mini. Wata asuba cikin hunturu na fito alwala na tarar da shi a teburin kicin, kumatunsa a kan littafin kemistiri, shayin da na haɗa masa tun ƙarfe goma ya yi sanyi har ya yi fata a sama. Kafin Disamba ya bar ƙwallo, Islamiyyar Asabar ta zama sai an yi faɗa. Kemistirin da ya hana shi barci C ya samu a ciki, a jarrabawar Mayu kuma 2, makin da da wuya wata jami'a ta ba da kiredit a kansa. Ƙanwarsa uku ta yi, sannan huɗu a shekarar ƙarshe. Ta samu lokacin aikin sa kai a wani asibiti, kuma a kan wannan aikin ta rubuta maƙalarta ta neman gurbi. Mai shida sau da yawa ba ta da labarin da za ta rubuta sai na karatu.

Don haka ni ina bayan yarinyar. Ta yi uku, in makinta na aji na 10 duk A ne kuma ita da kanta ta nema, ta ƙara ɗaya. A ukun a sa kimiyya ɗaya, bayoloji ko kemistiri, ɗayan ya jira aji na 12, domin kowanne da aikin ɗakin gwajinsa. Sai lissafi in ta kai matakin, sai Turanci ko tarihin Amurka, saboda rubutu. In Alhaji bai gamsu ba, akwai shirin College Now na CUNY, wato jami'ar birnin New York, kyauta ne ga 'yan sakandaren gwamnati na birnin, ta yi darasi ɗaya na jami'a bayan an tashi ko lokacin hutun bazara.

Kafin ku sa hannu a fom ɗin, ku je ku uku wurin malamin nan mai ba da shawara. Ku tambaye shi AP nawa 'yan sahun gaba na makarantar ke gamawa da su, sannan zuwa wace rana ake iya sauke darasi ba tare da ya fito a takardar sakamako ba. Ki rubuta ranar ki manna a jikin firij.