Ramin kashin aladu: bulo ko zubin kankare mai rodi?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure, daga wajen Kafanchan, zai gina ɗakin aladu mai rami a ƙarƙashi, zurfin mita 2, inda kashi da fitsari da ruwan wanki za su riƙa taruwa. Birkilansa ya ce a ja ramin da bulo inci 9 a yi filasta, wani kuma ya ce sai dai zubin kankare da rodi. Yana tambaya wanne ya fi.

Ɗan'uwa, a wannan zurfin zubi za ka yi. Bulo ya fi arha, aikinsa ya fi sauri, ko'ina kuma akwai mai iya jera shi. A nan fifikonsa ya tsaya.

Bangon rami ba kamar bangon ɗaki ba ne, da nauyi ke sauko masa daga sama kawai. Shi daga gefe ake tura shi, kuma ta fuska biyu. In ramin ya cika, kowace murabba'in mita ta gindin bango tana ɗauke da turin da ya kai kusan tan 2. Ranar da ka kwashe takin kuwa, ƙasar waje ce ke turo shi ciki, balle a watan Agusta da ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi. Bulo yana jure danni, amma ba ya jure lanƙwasa, sai ya tsage ta layin da aka haɗa shi da siminti. Rodin da ke cikin zubi shi ke riƙe wannan jan. Ga shi kuma bulon kasuwa, wanda ake tatsar buhu ɗaya a fitar da shi da yawa, da wuya ƙarfinsa ya kai kashi ɗaya cikin goma na kankare mai kyau. Wanda ke wurin baƙar laka mai kumbura da damina ta tsage da rani, irin ta yankin Numan, kada ma ya fara tunanin bulo.

Abin da ya fi damuna shi ne cin da kashin ke yi wa siminti. Idan ya ruɓe yana fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Iskar tana manne wa danshin bango a saman ruwan, ƙwayoyin cuta su mayar da ita asid. Shi ya sa in ka leƙa tsohon rami za ka ga ba gindinsa ne ya fara lalacewa ba, sai sama da inda ruwan ke tsayawa da ƙarƙashin daɓen da aladun ke takawa. Wurin ya yi fari, ya yi laushi, ka sa farce ka kankare shi kamar alli. Filasta siririya ce, in ta ɓare, bulon da ke bayanta sai ya shiga tsotsar ruwan yana miƙa wa ƙasa, daga nan sai rijiyar maƙwabci. Don haka ko da wanne ka gina, ka nisanta ramin da rijiya aƙalla mita 30.

Amma zubin ma in an yi masa algus, asarar kuɗi ce. Leburori na son ƙara ruwa don kwaɓin ya yi sauƙin ɗiba, kada ka yarda: ruwan da za a zuba wa buhun siminti mai kilo 50 kada ya wuce lita 22 zuwa 23, har da danshin da ke cikin yashi. Nemi siminti mai lamba 42.5, yashi mai tsabta da tsakuwar dutse. Kaurin bango ya kai santimita 20. A sa biskit, wato ɗan guntun kankare, ya raba rodi da katakon da ke tare zubin da santimita 5, domin rodin da ya matso fuska shi ke tsatsa ya kumbura ya fasa kankaren. A sa injin girgiza kada a bar ramuka. Inda daɓe ya haɗu da bango a binne robar tare ruwa, nan ne yoyo ke farawa. Sannan a yi ta ba shi ruwa kwana 7. Girman rodi da tazararsa kuwa ka bar wa injiniya ya lissafa bayan ya ga ƙasarka. A jihar Iowa ta Amurka, inda ramukan ƙarƙashin aladu ke kai ƙafa 8 suna ɗaukar kashin kusan shekara guda, zubi ake yi.

Bulo yana da wurinsa. Kwata marar zurfi, ƙasa da mita ɗaya, wadda ake wankewa kullum ta kai kashin wani wuri, bulo ya ishe ta in an cika ramukansa da kankare aka tsayar da rodi a ciki. In kuɗin zubi ya yi maka yawa, gara ka rage girman ramin ka riƙa kwashewa akai-akai.

Kafin ka zuba aladu, cika ramin da ruwa, yi alama a bango, rufe shi, ka dawo bayan kwana 3 ka duba. Kuma ka gargaɗi yaranka kada kowa ya shiga ramin nan, musamman lokacin da ake motsa kashin. Iskar ramin ta fi wadda muke shaƙa nauyi, a ƙasa take kwanciya, in ta yi yawa hanci ya daina jin warinta, tana iya kayar da mutum cikin numfashi kaɗan, har da wanda ya shiga ceto shi.