Bresaola ta Valtellina: kitse kaɗan, gishiri da yawa

Bresaola naman shanu ne da ake busarwa a kwarin Valtellina, lardin Sondrio, a arewacin Italiya. Tsokar cinya ake ɗauka, a cire kitse, a shafe ta da gishiri da kayan ƙamshi kamar kwana 10 zuwa 15, sannan a rataye ta makonni 4 zuwa 8. Ba ta ganin wuta, kuma tana da taushi, ba kamar kilishi ba.

A giram 100 akwai furotin kusan giram 32, kitse bai wuce giram 3 ba, kuzari kuwa wajen kalori 150. Inda take da matsala shi ne gishiri: kusan giram 4. Mai hawan jini ya tsaya a giram 40 ko 50 na naman.

A yanka ta siriri kamar takarda, a zuba man zaitun da ruwan lemon tsami daf da ci. Idan aka zuba da wuri, jan naman ya dusashe. In an buɗe leda, a cinye cikin kwana biyu, don gefenta na saurin bushewa.

Musulmi ya duba tambarin halal, domin wasu kamfanoni na sa giya wajen jiƙa naman.