Siramik ɗin dillali: na biya kuɗin shekara uku, ƙyallin ya yi mako uku

Wata biyar ke nan da sayen motar, kuma sai yanzu zuciyata ta yi sanyin da zan iya rubuta wannan ba tare da na zagi kowa ba. Corolla ce 2015, baƙa, 'yar Beljiyam, na ɗauke ta a wani wurin sayar da motoci a nan Kano cikin watan Fabrairu. Ba zan kama sunan wurin ba. Ita motar ba ni da ta cewa a kanta, inji lafiya, giya lafiya. Abin da ya sa ni rubutu shi ne abin da suka shafa mata kafin su miƙo min makulli.

Mun gama ciniki, alat ya shiga, ana rubuta rasit, sai manajan wurin ya matso da kujerarsa kusa da ni. Ya ce, "Alhaji, baƙar mota ce fa ka saya, ga ƙura ga rana. In ka fita da ita haka, wata biyu ta koma ruwan toka. Bari yara su yi mata siramik, shekara uku ba ruwanka da folish." Ya buɗe waya ya nuna min bidiyo: ana watsa ruwan laka a bonet yana gangarewa kamar a bayan agwagwa, wani ma har wuta ya kunna a kai, ya goge, ba tabo. Ya ɗauko wata kwalba mai rubutun 9H da manyan baƙaƙe, ya ce wannan taurin gilashi ne, ko makulli aka ja a jiki ba zai yi zane ba. Kuɗin da ya faɗa ya isa sayen sababbin tayoyi biyu masu kyau. Na ɗan ja, ya rage abin da bai taka kara ya karya ba, na biya. Wanda ya fitar da miliyoyi a zama ɗaya, sauran kuɗi sai ya riƙa ganinsu kamar canji. A daidai wannan gaɓar suke kama mutum, kuma sun san da haka.

Bayan sallar azahar aka shiga da ita baya. Kafin magariba an fito da ita.

Gaskiya ɗaya ce, ranar na ji daɗi. Ban taɓa ganin baƙi irin wannan ba. Sai ka ce an tsoma motar a cikin mai an ɗago. Ina ganin zanen hulata a jikin ƙofa. Tayoyi na sheƙi, dashbod na sheƙi, ciki na ƙamshin lemo. Da na shiga layinmu yara suka biyo ni da gudu, uwargida ta fito ta zagaya ta sau biyu tana "Masha Allah", maƙwabcina ya rantse sabuwa ce daga leda. Daren nan har saƙo na tura wa manajan ina godiya. Da a wannan makon na rubuta sharhin nan, da cewa zan yi kowa ya garzaya.

Sai aka shiga wanki. Kun san ƙarshen hunturu, in ka ajiye mota da safe, kafin la'asar ana iya rubuta suna a jikinta. Yaron da ke wanke motocin layinmu ya wanke ta sau biyar ko shida a cikin makonni ukun farko, da bokitinsa da omonsa kamar yadda ya saba. Ban hana shi ba, don ba wanda ya ce min in hana.

Wani dare bayan isha na tsaya gidan mai. Irin gidajen nan masu fararen fitilu a saman rumfa, masu haske kamar rana. Na fito zan biya, na waiga, sai na tsaya cak. Bonet ɗin gaba ɗaya ya cika da zane-zane masu zagaye, sirara, kamar saƙar gizo-gizo, duk inda fitila ta sauka sai su kewaye ta. A gefen mota kuma wasu layuka ne masu walƙiya, in ka matsa su matsa, in ka tsaya su tsaya. Na zagaya ta dama, a nan ne cikina ya ɗuri ruwa. Ƙofar baya da fendar da ke bayanta baƙinsu daban ne da na sauran motar. Sauran jikin yana da ɗan ƙyalƙyali a ciki kamar an barbaɗa yashi mai laushi, su kuwa waɗannan biyun baƙi ne ƙirin kamar gindin tukunya. Na sa fitilar waya na duba kusa, ga sawun samfefa a ƙarƙashin fentin, layi-layi. Yaron da ke zuba mai ya leƙo ya ce, "Oga, ai an taɓa yi mata aiki a nan." Wato shi da ganinta sau ɗaya ya gane, ni da na yi awa biyu ina zagaya ta ranar ciniki, da makanikena a gefe, ba mu gani ba.

Ban yi barcin kirki ba. Washegari na kai ta wajen wani dattijon mai fenti a Ƙofar Ruwa, wanda ya taɓa yi wa yayana aiki. Ya shafa bonet da bayan hannu, ya ɗebo ruwa a buta ya zuba. Ruwan ya kwanta shame-shame, ko alamar dunƙulewa babu. Ya tambaye ni awa nawa aka yi ana aikin. Na ce kamar huɗu. Ya yi dariya har ya riƙe ciki.

Shi ya warware min abin dalla-dalla. Siramik na gaskiya akwai shi, ruwa ne a 'yar ƙaramar kwalba, mil 30 ko 50 ya isa mota guda, kuma in ya bushe yana zama siririn ɓawo mai tauri a kan fenti. Amma shafawar ita ce mafi ƙanƙantar aikin. Sai an wanke, an bi jiki da wani abu kamar yumɓu an cire dattin da ya manne, an goge zanen da ke jiki har ya fita da gaske, an bi da sinadari an share duk wani maiƙo, sannan a shafa shi fanel bayan fanel, a bar motar a rufe ta kwana ruwa bai taɓa ta ba, kuma a yi kusan mako ba a wanke ba. Aikin kwana ɗaya ne cur ko biyu. Abin da aka yi wa tawa, in ji shi, folish ne mai maiƙo wanda yake cike ramukan zane ya ɓoye su, aka bi shi da kakin mota na fesawa. Ba ya cire komai, rufewa kawai yake yi, kamar hoda a fuskar mai ƙuraje. Omo ya taɓa shi sau kaɗan, rana ta dake shi, ya tafi. Layukan nan masu tafiya kuwa sawun injin goge ne a hannun wanda yake sauri. Shi kuma 9H ɗin da aka yi min burga da shi, ma'aunin taurin fensir ne, wanda ake gwada fenti da shi. Ba ya hana makulli yin zane.

Sai ya buɗe ƙofar direba ya nuna min takardar da ke manne a jikin ginshiƙi. A wajen da aka rubuta C/TR akwai lamba 209, wato baƙin Toyota mai ƙyalƙyali. Wanda ya fesa ƙofar baya bai damu da lamba ba, baƙi kawai ya haɗa. Ya ɗauko 'yar na'urar auna kaurin fenti ya ɗora a rufi, ta nuna ɗari da 'yan kai, wanda ya ce shi ne daidai fentin kamfani. A ƙofar baya ta haura 400. A fendar da ke saman taya na baya kuwa ta wuce 1,000. Ya naɗe maganaɗisu a ƙyalle ya ɗora a wurin, ya zame ya faɗi ƙasa. Bodi fila ce, wato abin da masu gyara ke cike wurin da ya lotsa da shi kafin feshi. Da yamma ɗan yayata ya karɓi lambar shasi, haruffa da lambobi 17 ɗin nan da ke ƙasan gilashin gaba, ya zuba a Google. Minti biyu ba a yi ba ga hoton motata a filin gwanjon motocin hatsari a Amurka, ƙofar baya a lotse kamar gwangwanin madara.

To, a nan zan yi adalci. Duk mai sayen 'yar Beljiyam ya san da yawansu daga irin wannan gwanjon suke fitowa, a gyara su a Kwatano ko Legas kafin su hauro Arewa. Bugun bai taɓa shasi ba, jakar iska ba ta fashe ba. Da an ce min, "Alhaji, an yi aiki a ƙofar nan," da zan saya, in nemi ragi, shi ke nan. Kuma da na koma wurinsu, manajan bai yi min rashin kunya ba. Ya ba ni kujera, ya aika aka kawo ruwa, ya ce yadda motar ta zo musu ke nan, kuma omo ne ya cinye siramik ɗin. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar omo, ba sabulun mota ba ne, kuma wasu zanen na soson yaron layinmu ne, ba zan ɗora musu duka ba. Sai dai ban ga yadda abin da aka ce wuta ba ta ci zai narke a bokitin omo ba. Na faɗa masa haka. Ya yi murmushi ya ce in bar ta, za a sake yi kyauta. Na fito ina cewa a raina mutanen nan ba su da laifi sosai, ƙila yaransu ne ba su iya ba.

Kuskurena na biyu ke nan, kuma ya fi na farko ciwo.

Na bar ta da safe, na dawo bayan la'asar. Ƙyalli ya dawo, ba musu. Amma a kan tudun layin bonet, wajen direba, ga wani tabo mai tsawon yatsa, ya dushe, gefensa ya yi fari-fari. Sun ƙona kiliya. Wannan farin ruwan da ake fesawa a saman launi bai kai kaurin gashin kai ba, kuma a kan tudu da gefe ya fi saurin cinyewa. In aka danna inji a wuri ɗaya ya yi zafi, ya tafi ke nan, ba folish ɗin da zai dawo da shi sai sabon feshi. Bonet ɗin da ya tsallake hatsari a Amurka, ya tsallake teku, ya tsallake hanyar Legas zuwa Kano da fentinsa na kamfani, a bayan shagon dillali ya gamu da ajalinsa. Na nuna wa manajan, ya kira yaron, yaron ya rantse da ma yana nan. Ina da hoton bonet ɗin na daren gidan mai, babu tabon. Na nuna. Sai aka koma "a yi haƙuri, Alhaji". Maganar mayar da kuɗi kuwa, a rasit ba a rubuta siramik ba, ba a rubuta shekara uku ba, kuɗin mota kawai aka rubuta. Ni ma sai a ranar na lura.

Tun da an taɓo ni, bari in faɗi sauran da na yi ta haɗiyewa. Man da suka fesa a dashbod ya sa in rana ta faɗo a gilashin gaba ba na ganin hanya sosai, sai hoton dashbod. Sun fesa har a sitiyari, kwana uku yana zame min a hannu. Ƙura kuwa ta samu wurin zama, ta manne a duk inda man ya taɓa. Farin folish ya bushe a cikin robobin gefen gilashi da kewayen tambarin Toyota, har yau ina bin sa da tsohon buroshin haƙori. Na tayoyi kuma da na hau titi ya fantsama a jikin ƙofofi, ɗigo-ɗigo.

Shi wannan man bai gama da ni ba sai da na kai bonet feshi. Dattijon nan ya wanke, ya goge, ya fesa, sai fentin ya riƙa buɗewa ƙananan ramuka, abin da suke kira idon kifi. Silikon ne, in ji shi, wanda ke cikin irin man ƙyallin da ake fesawa, ko kaɗan ya rage a jiki fenti ba ya kama wurin. Sai da ya bari ya bushe, ya sake bi da samfefa, ya wanke da sinadarin cire maiƙo, ya sake fesawa. Kwana biyar motar ta yi a wurinsa, ina hawa A Daidaita Sahu zuwa aiki. Bai ƙara min kuɗi ba, Allah ya saka masa da alheri, amma ya ja min kunne: kada kaki ko wani siramik ya taɓa sabon fentin sai ya yi wata biyu zuwa uku ya gama bushewa.

Wani abokin aikina ya kai tasa wajen masu yin siramik a Abuja, kwana biyu ta yi a can, kuma na ga yadda ruwan damina yake gangarewa a jikinta. Don haka ba abin nake zagi ba. Na wurin dillali ne ba zan sake biya ba, ko kyauta aka ce ba na so. In zan sake sayen mota, a gabana za a wanke ta da sabulu, a bar ta ta bushe a rana ba a shafa mata komai ba, in dawo da daddare da fitila da maganaɗisu, in zuba lambar shasi a waya kafin in zuba kuɗi.

Yanzu ni nake wanke ta da kaina ranar Asabar, da bokiti biyu, sabulun mota da tawul mai laushi, kuma na daina ajiye ta ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida saboda kashin tsuntsaye. Ƙofar bayan nan tana nan da baƙinta na gindin tukunya, sai bayan Babbar Sallah in kuɗi sun samu. Manajan kuma jiya ya turo min saƙo a WhatsApp, wai sun kawo sabon siramik na shekara biyar, akwai ragi ga tsofaffin kwastomomi.